Bayan An Tuɓe Kaki: Abin da Wasan Talabijin Ke Tsallakewa a Labarin Tsohon Soja

Duk mai bin wasannin binciken laifi na Amurka, ko ta tauraron ɗan Adam yake kallo ko a shagon caji ake tura masa a waya, ya saba da wani mutum da ba ya daɗewa bai bayyana ba. Tsohon soja ne, gemu buzu-buzu, da tsohuwar rigar sanyi ta soja a jikinsa, yana kwana a ƙarƙashin gada ko a bakin titi. Wani lokaci gawarsa ake tsinta, wani lokaci shi ne shaidar da ba wanda ya yarda da maganarsa, wani lokaci kuma shi ake zargi. Kafin a tashi wasan, masu bincike za su gano cewa yana da 'ya ko ƙane ko tsohuwa da suka yi shekaru ba su ji ɗuriyarsa ba. A kama mai laifi, a haɗa shi da danginsa idan yana raye, idan kuwa ya mutu a miƙa musu tutar ƙasa a bakin kabari, a yi hawaye, shi ke nan. Shirin NCIS, wanda aka fara nunawa a 2003 kuma yake bibiyar laifuffukan da suka shafi sojojin ruwan Amurka, ya taɓo wannan a wani kashi na 2014, inda neman wani soja mai ɗaukar hoto da ya ɓace ya kai masu bincike cikin tsofaffin sojoji marasa matsuguni. Tun kafin nan ma, fim ɗin Rambo na farko da ya fito a 1982, wanda da wuya a sami dattijon ɗan kallo a ƙasar Hausa da bai san shi ba, da haka ya fara: wanda ya dawo daga yaƙin Biyetnam yana gararamba, ɗan sanda ya kama shi da laifin zaman banza.

Ba ƙarya masu rubuta waɗannan wasanni suka ƙaga ba. Ƙidayar da gwamnatin Amurka ke yi a watan Janairu ta nuna cewa a 2010 tsofaffin sojoji kusan 74,000 ne ba su da wurin kwana nasu, a 2024 kuma adadin ya sauko zuwa kusan 33,000. Sai dai abin da ya rage adadin ba ya fitowa a allo. Babba daga ciki shiri ne na haɗin gwiwa tsakanin ma'aikatar gidaje da ma'aikatar tsofaffin sojoji, wanda aka faɗaɗa daga 2008, ana biya wa mutum mafi yawan kuɗin haya, a haɗa shi da ma'aikacin da zai riƙa bibiyar lafiyarsa da takardunsa. Wasan yakan ajiye musabbabin matsalar a cikin ƙirjin mutum ɗaya, wato girman kansa ko shaye-shayensa ko taurin zuciyar danginsa, sannan ya nuna cewa runguma ɗaya ta warware komai. Abin da wannan rubutu ke cewa shi ne, rabuwar tsohon soja da iyalinsa tana da dalilai da ake iya lissafawa, ana iya nuna ofishin da ke da alhakin kowanne, kuma duk wasan da ya tsallake su ya tafi kai tsaye wurin kuka da yafiya ya ba mai kallo damar jin tausayi ba tare da ya fahimci komai ba. Maganar ta shafe mu, domin marubutan shirye-shiryenmu masu dogon zango daga irin waɗannan wasanni suke koyon yadda ake ƙulla labari.

A allon Hausa, sojan da aka fi sani shi ne Samanja Mazan Fama. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi kansa ya yi aikin soja kuma ya rasu a watan Nuwamba na 2023, ya yi shekaru yana sa Arewa dariya ta rediyo da talabijin na Kaduna da barikancinsa da faretinsa. Samanja ya yi babban aiki, domin ya sa farar hula sun daina ganin bariki a matsayin wata duniyar dodanni. Amma Samanja yana cikin kaki, yana da ɗaki a bariki, albashinsa yana zuwa. Tun daga wancan zamani har zuwa na Arewa24, tashar da ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, da zamanin Labarina da Izzar So, an shiga gidan ɗan siyasa da na attajiri da na malamin tsangaya da na ɗan gudun hijira. Tsohon soja kuwa, in ya fito a fim ɗin Hausa, yawanci mai gadi ne a ƙofar gidan Alhaji, yana sara wa mota, ana dariyar Hausarsa. Ranar da marubutanmu za su ɗauke shi da muhimmanci tana nan tafe, kuma haɗarin shi ne su kwafo mutumin ƙarƙashin gada daga Amurka su dasa shi a inda ba haka abin yake ba.

Don ganin yadda abin yake a nan, mu ɗauki ƙasar Tambuwal da ke kudancin Jihar Sakkwato, wadda ta daɗe da sanin mayaƙi. A ƙarni na 19 garin yana cikin ribaɗoɗin Daular Usmaniyya, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna yana tsare iyaka ta fuskar Kabi. A tsarin ribaɗi mayaƙi yana zaune ne da iyalinsa, yana noma gonarsa, in an buga tambari ya fita, in an gama ya dawo. Ba a san wata rana da za a ce ya yi ritaya ya koma gida ba, tunda bai taɓa barin gidan ba. Sojan zamani da Turawa suka kawo ya juya wannan tsari. Yaro zai bar garinsu na yankin, Sanyinna ko Jabo ko Kuchi, ya tafi makarantar horar da kurata ta Zariya, daga nan sai inda aka tura shi. A Yaƙin Duniya na Biyu runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, masu ɗauke da 'yan Arewa da yawa, sun yi yaƙi a dazukan ƙasar Bama. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojan Nijeriya ya kumbura daga kimanin mutum 10,000 zuwa kusan 250,000, daga baya aka yi ta sallamar jama'a. Aka zo Laberiya daga 1990, sai Saliyo, sai yaƙin Boko Haram tun 2009, ga kuma na 'yan bindiga a Arewa maso Yamma. Wanda ya cika aikinsa yakan yi shekara 35, mafi yawansu nesa da garinsu. Mutum ya bar gida yana saurayi ya dawo da furfura, to tazarar ta riga ta shiga tun kafin a yi wata rigima.

Mai karatu a Kebbe ko Tambuwal zai iya cewa wannan damuwar mutanen waje ce. A nan wa ya taɓa ganin an bar ɗan gida yana kwana a tasha? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Akwai gaskiya a nan, kuma ita ce babban bambancinmu da Amurka: gidan gado yana da faɗi, ba a rasa ɗakin da za a share wa wanda ya dawo. Amma samun rufin kwana daban, samun gurbi a gida daban. Ɗakin bariki na gwamnati ne, ana tuɓe kaki ake miƙa mabuɗi. Idan mutum bai yi gini ba a lokacin aiki, kuma albashin ƙaramin soja ba kasafai yake kai ga gini ba, sai ya dawo gidan da aka raba gado ba ya nan. Shari'a ba ta zubar da kasonsa don ya yi nisa, amma gonar da ta faɗo masa wani ɗan'uwa ne ya yi shekara ashirin yana kai mata taki, ko an ba da ita aro, ko an jinginar da ita lokacin wata jinya. Ya yi shiru, ya zauna ba abin nomawa. Ya kai ƙara gaban alƙali, a ce ya dawo ya raba zumunci. Matarsa kuma wataƙila a Jos ko Inugu ya auro ta, 'ya'yansa sun tashi a bariki, ba su san wahalar rijiya da shigifa ba, ba su iya gaisuwar garin ba. Shi ya sa da yawa ba sa komowa ɗungurungum, sai su maƙale a bayan barikin da suka bari, suna haya, suna gadi. Ba a ƙidaya irin wannan mutum cikin marasa gida, alhali babu inda zai nuna ya ce nan ne nawa.

Sai maganar kuɗi, wadda wasan talabijin ya fi gudu saboda ba ta da armashin kallo. Soja ba ya cikin tsarin fansho na karo-karo tun daga gyaran dokar da aka yi a 2011. Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja ce ke biyansa, kuma komai nasa ya rataya ne a kan sakin kuɗi daga baitulmali da daidaiton takardunsa. A farkon shekarun 2000 jaridu sun sha nuna tsofaffin sojoji suna kwana a fili a Legas da Abuja suna jiran haƙƙinsu, wanda shi ne mafi kusa da hoton Amurka da aka taɓa gani a ƙasar nan, kuma layin fansho ne ya kai su can. An sami gyara tun daga lokacin, fansho ya fi zuwa a kan kari, amma a watan Janairu na 2022, da Disamba na 2024, da kuma cikin 2025, tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja saboda bashin alawus da ƙarin da ba a biya ba. Wanda aka kora daga aiki kuwa yakan fita ba tare da waɗannan haƙƙoƙi ba. A gidan Bahaushe wannan jinkiri yana da fassara nan take. Dangi sun san ɗansu ya yi aikin gwamnati, suna jiran garatuti ya zo a gyara gida, a aurar da yara. In watanni suka wuce shiru, zargi ke shiga: ya karɓa ya ɓoye, ko ya cinye a birni. Girman maigida yana tafiya da ciyarwa, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, mace tana da damar neman alƙali ya raba aure in miji ya kasa ciyar da ita. Fayil ɗin da ya kwana a wani teburi a Abuja yana iya zama sanadin mutuwar aure a gari irin Margai.

Dalili na uku shi ne ciwon da ba a gani. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wanda ya ga tashin hankali mai tsanani yana iya dawowa da rashin barci, da mugun mafarki, da firgita in an buga ƙofa, da saurin fushi, da ƙin shiga taro. Wasannin Amurka suna nuna wannan, har sun wuce gona da iri, domin sun sa mai kallo yana ɗaukar kowane tsohon soja a matsayin wanda zai iya fashewa kowane lokaci, alhali mafi yawansu suna dawowa su ci gaba da rayuwarsu lafiya lau. A wajenmu matsalar ta suna ce. In mutum ya fara haka, sai a ce iska ce, ko an yi masa sammu, ko ƙwaya yake sha, ko kuma a taƙaice a ce halin soja ne. Mata da yara su koyi kauce masa, 'yan'uwa su rage zuwa, majalisa ta watse in ya iso. Jihar Sakkwato tana da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, amma daga Tambuwal zuwa Sakkwato kaɗai kimanin kilomita 100 ne, Kware kuma tana gaba, ga kuɗin mota da na magani wata bayan wata, ga kunyar a ce an kai wane Kware. Sai a watan Janairu na 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Doka ta canja, amma abin da ake faɗa a zaure bai canja ba tukuna, kuma a nan ne wasan kwaikwayo ya fi kowace doka ƙarfi.

Za a ce wannan bayani ya wanke tsohon soja tas, alhali akwai waɗanda su suka jawo wa kansu. Akwai wanda ya yi shekaru yana karɓar albashi bai aiko wa tsohuwarsa ko sabulu ba, bai zo jana'izar mahaifinsa ba, ya bar mata da yara a ƙauye ya yi wani auren a birni. Akwai wanda ya kawo dukan bariki cikin gida. Zumunta a ƙafa take, wanda bai taka ba lokacin da yake da ƙarfi ba zai yi mamaki ba in ya tarar da fuska a murtuke. Wannan gaskiya ne, kuma labarin da ya ɓoye ta ya zalunci matan da suka riƙe gida su kaɗai. Sai dai ko a nan ma wasan kwaikwayo na gaskiya zai tambaya: sau nawa aka ba shi izinin zuwa gida a shekarun da ya yi a bakin daga? Wa ya lura da shi lokacin da ya fara shan abin da zai sa shi barci? Laifin mutum da gazawar tsari suna iya haɗuwa a gida ɗaya, kuma marubucin da ya nuna su tare ya fi wanda ya zaɓi ɗaya adalci. Wannan ne ma ya sa rungumar ƙarshen wasa ba ta gamsarwa. Yafiya tana da girma a addininmu, amma washegarin yafiya gonar tana hannun wanda take, fansho bai zo ba, mafarkin dare bai daina ba. Sulhun da bai taɓa waɗannan ba, ba ya kai damina biyu.

Wani kuma zai ce wasa nishaɗi ne, ba rahoton kwamiti ba, ba wanda zai ɓata datarsa yana kallon tsoho a layin tantancewa. Kwana Casa'in ya riga ya amsa wannan, domin da siyasa da rashawa da lalacewar asibiti da aikin jarida ya riƙe jama'a zango bayan zango. Labarin bincike yana buƙatar asiri, da mai ɓoye shi, da mai tono shi, kuma duk suna nan a rayuwar tsohon soja. Wa ya sayar da gonar, da sa hannun wa? Me ya sa sunan mutum ya ɓace daga jerin masu karɓa yana raye? Wa ke karɓar kuɗi a hannun tsofaffi da sunan zai gaggauta musu takarda? Me ya faru a daren da ya ƙi ba kowa labarinsa? Jami'in binciken da ya bi waɗannan tambayoyi daga kasuwar Tambuwal zuwa Sakkwato zuwa Abuja zai ba da wasa mai ɗaukar hankali fiye da kwaikwayon bin mota da harbe-harbe. Akwai kuma masu tsoron cewa irin wannan shiri zai karya gwiwar matasa da na sojojin da ke daji a yanzu. Sojan da ke bakin aiki ba ya buƙatar talabijin ta gaya masa halin da magabatansa ke ciki, yana ganinsu a ƙofar bariki. Abin da zai ƙarfafa masa gwiwa shi ne ya ga jama'a sun san da maganar kuma sun damu.

Halin da kudancin Sakkwato ke ciki ya ƙara wa maganar nauyi. Kebbe tana iyaka da Zamfara da Jihar Kebbi, kuma a 'yan shekarun nan ƙauyukanta sun sha hare-haren 'yan bindiga, har mutane suka bar gidajensu suka koma manyan garuruwa. Tsarin da muke tinƙaho da shi, cewa gida yana karɓar kowa, ya dogara ne da gidan yana nan kuma rumbunsa da hatsi. Iyalin da su ma a raɓe suke a gidan wani ba su da ɗakin da za su share wa mai dawowa. Ga kuma sabon rukunin masu ɗaukar makami: 'yan banga da 'yan sa-kai, da rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Gwamna Ahmed Aliyu ta ƙaddamar a 2024. Waɗannan suna ganin abin da soja ke gani, a cikin garuruwansu, wani lokaci a kan mutanen da suka sani, kuma 'yan banga da 'yan sa-kai ba su da wata hukumar fansho da za su yi wa zanga-zanga. Waɗanda suka shiga soja lokacin da rikicin Boko Haram ya ɓarke su ma sun fara manyanta. Shekaru masu zuwa za su dawo wa yankin da mutanen da suka ga yaƙi fiye da yadda aka saba gani tun bayan 1970.

Kowace 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare. Gwamnoni sukan ƙaddamar da tambarin neman taimako, a ajiye furanni, a saki tattabaru. Bikin ya fi karkata ga waɗanda suka kwanta dama, masu rai kuwa buƙatunsu na yau da gobe ne, kuma mafi yawansu ba su fi ƙarfin abin da ke hannunmu ba. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nijeriya, wadda doka ta kafa tun 1964, za ta iya riƙe sahihin jerin mambobinta na kowace gunduma a Tambuwal da Kebbe, har da waɗanda suka kasa komowa. Hakimai da limamai, da su ake sasanta rikicin gado tun fil azal, za su iya zama kan maganar gonar soja tun yana cikin aiki, a rubuta wa ke nomawa da kuma sharaɗin mayarwa. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda dama tana tallafa wa jinyar masu taɓin hankali, za ta iya sa tsofaffin mayaƙa a lissafinta. Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kebbe da Tambuwal yana da bakin da zai tambayi Abuja inda fayil ya maƙale. Marubucin wasa kuwa, kafin ya rubuta fitowa ta farko, ya je ya zauna da tsofaffin sojoji da matansu da 'yan'uwan da suka riƙe gona, ya ji kowane ɓangare. Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi, kuma mai wannan dokin ita ce ƙasar da ta hau shi shekara 35. Shirin da ya bar mai kallo yana zargin dangi kaɗai ya sauke wa ƙasar nauyin da ke wuyanta.